Tururin nukiliya da tsoronsa, wanne ya fi kisa?

Ranar 24 ga Agustan 2023 Japan ta fara sakin ruwan da ta tace daga tashar nukiliyar Fukushima zuwa cikin teku, kafin kace me gishiri ya fara ɓacewa a kantunan China, mutane na layi suna jida, a Koriya ta Kudu ma tun watanni kafin nan aka fara wawason, wai kada gishirin da za'a ɗebo daga teku nan gaba ya zo da guba. Kuma ba shine na farko ba, a Maris ɗin 2011 ma sai da aka yi irin wannan rububin a China, lokacin cewa aka yi gishiri mai sinadarin aidin yana kare mutum daga tururin nukiliya, alhali aidin ɗin da ke cikin gishirin girki bai taka kara ya karya ba, kafin ka ci adadin da zai yi maka wani amfani gishirin ya riga ya kai ka lahira. Ni dai ba zan yi musu dariya ba, don duk wanda yake Najeriya a watan Agustan 2014 ya san daren da wayoyi suka yi ta ƙara ana tashin 'yan uwa a yi wankan ruwan gishiri saboda Ebola, masu digiri da masu furfura duk an shiga banɗaki da bokiti, wasu ma sha suka yi har aka rasa rai.

Sai dai tsoron nukiliya shi ba ya tsufa. Ka ambaci Chernobyl ko ga yaron da aka haifa shekara ashirin bayan abin, abin da zai faɗo masa shine gari kufai da jarirai masu nakasa da ƙasar da ba za ta sake nomuwa ba har tashin ƙiyama. Duk sanda maganar ta taso kuma sai a rabu gida biyu, masu cewa nukiliya bala'i ce kawai a rufe kowace tasha, da masana da 'yan kanzaginsu da za su zaro maka alƙaluma su ce ai jahilci ne ke damun jama'a. Gaskiya duka biyun suna ƙona min rai, amma na biyun sun fi, duk da cewa in lissafi ake bi su suka fi kusa da gaskiya. Mutane fa ba haka kawai suka wayi gari suna tsoro ba, koya musu aka yi, kuma masu tashoshin da gwamnatocinsu ne malaman, da ƙarya da ɓoye-ɓoye a daidai ranakun da faɗin gaskiya zai ceci rai.

Shi tururin ba ya wari, ba shi da launi, ba ka jin komai lokacin da yake ratsa ka, wannan kaɗai ya isa ya mai da shi dodo. Amma ana auna shi tsaf, ya ma fi yawancin guba sauƙin aunawa, da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan kamar 2.4 a shekara a matsakaici ko bai taɓa jin sunan nukiliya ba, daga duwatsu da ƙasa da sararin sama da abinci. Hoton ƙirji a asibiti bai wuce 0.1 ba, hoton ciki na babbar na'urar nan da ake tura mutum a kwance yakan kai kusan 10. Daga wajen 100 zuwa sama ne bincike ke iya ganin ƙaruwar sankara a fili, kuma an san haka ne daga bibiyar waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki da aka haura shekara 70 ana yi. In ya kai dubu 4 zuwa 5 a lokaci guda, rabin waɗanda ya taɓa mutuwa suke in ba kulawa. Ƙasa da 100 ɗin nan ne rigimar take, hukumomi suna ɗauka kowane ɗan ƙari yana da nasa ɗan haɗari don dai a yi taka-tsantsan, amma haɗarin ya yi ƙanƙantar da ba'a iya tsamo shi daga cikin sankarar da dama can take kama mutane, to a wannan giɓin ne kowa ke cusa adadin da ya yi masa daɗi.

Daren 26 ga Afrilun 1986, ƙarfe 1:23, tukunya ta 4, wato ɗaya daga cikin injinan da ke sarrafa makamashin nukiliya, ta tashar Chernobyl a Yukren, lokacin ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, ta fashe ana tsaka da wani gwaji, rufi ya tashi, ta yi kwana goma tana tura hayaƙi sama. Mutum biyu fashewar ta kashe, 134 cikin ma'aikata da 'yan kwana-kwana suka kamu da ciwon tururi mai tsanani, 28 daga cikinsu suka rasu a watannin farko, mutuwa mai muni, fata na saɓulewa ɓargo ya daina aiki. Wannan babu mai musu. Garin Pripyat kuma mai mutum kusan dubu 49 yana nan kilomita 3 daga wurin, Asabar ce, yara suka tafi makaranta abinsu, har biki an yi, ba wanda ya ce ko taga a rufe. Sai bayan awa 36 aka jero bas-bas sama da dubu aka ce kowa ya ɗauki takardunsa da kayan kwana uku. Har yau kwana ukun ba su cika ba.

Duniya ma ba daga Mosko ta ji ba. Safiyar Litinin 28 ga wata a tashar Forsmark ta Suwidin, sama da kilomita dubu daga can, na'ura ta yi ƙara kan takalmin wani ma'aikaci, suka bincike tasharsu kaf ba inda ke yoyo, sai suka gane a waje ya tako abin, iska ce ta kawo. Sai da aka matsa sannan da daddare Sobiyet ta fitar da sanarwa mai 'yan layuka. Ranar 1 ga Mayu aka fito da 'yan makaranta fareti a titunan Kiev kamar ba komai, shugaban Sobiyet Gorbachev kuma bai yi wa mutanensa jawabi a talabijin ba sai 14 ga Mayu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shine maganar madara, don ta nan cutar ta bi ta kama jama'ar gari, kuma abu ne da ko makiyayin da bai taɓa shiga aji ba zai gane nan take in an faɗa masa. Cikin abin da ya tashi akwai aidin mai tururi da ake kira aidin-131, ya sauka kan ciyawa, shanu suka yi kiwo, ya bi ta hantsarsu, aka tatsa aka ba yara. Shi kuma jiki bai san bambancin aidin mai kyau da wannan ba, duk wanda ya samu kwasa yake ya kai wa 'yar halittar nan ta gaban wuya da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ga shi dama yankin suna fama da ƙarancin aidin a abinci, sai wuyan yaran ya yi ta zuƙa. Kuma wannan aidin ɗin ƙarfinsa raguwa yake da rabi duk kwana 8, wato wata biyu zuwa uku ya gama yayinsa. Da an fito a rediyo an ce jama'a kada a ba yaro madarar shanun gida na wata biyu, a ɗaure shanu a ba su busasshiyar ciyawar da aka ajiye, da an kauce wa mafi yawan abin da ya biyo baya. Folan da ke maƙwabtaka cikin 'yan kwanaki ta raba ruwan aidin ga yara sama da miliyan 10 don wuyansu ya cika da mai kyau kafin mugun ya samu wuri, ta kuma hana sayar da madarar shanun da ke kiwo a fili. A ƙauyukan Belarus da Yukren da yammacin Rasha kuwa aka bar uwaye suna ɗura wa 'ya'yansu abin da hannunsu. Zuwa 2005 an samu sama da mutum dubu 6 da sankarar tayirod cikin waɗanda suke yara a lokacin, 15 sun rasu, sauran an yi musu aiki, da yawansu shan magani ne har ƙarshen rai ga tabo a wuya. Zuwa 2015 adadin ya kusa dubu 20, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta kamar ɗaya cikin huɗu tururin ne sanadi. To ka je ka ce wa waccan uwar jahilci ke damunta mu gani.

Nawa Chernobyl zai kashe gaba ɗaya, nan ne kasuwar ke ci. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 ya ce mai yiwuwa har dubu 4 cikin mutum dubu 600 da suka fi shan tururin, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace a 2006 ta ce a'a, dubu 93. Duka biyun ba gawa suka ƙirga ba, lissafi ne, ka ɗauki ɗan mitsitsin haɗari ka ninka da yawan mutane, iya mutanen da ka zuba iya girman amsar da za ta fito. Ni na fi karkata ga cewa dubbai ne, kuma dubbai ba wasa ba ne. Amma a rahoton 2005 ɗin akwai maganar da ba'a cika ɗauka ba, cewa babbar matsalar lafiyar jama'a da haɗarin ya bari ta damuwa ce da ƙwaƙwalwa. An raba mutum kusan dubu 350 da gidajensu, aka yi wa miliyoyi rajista cewa Chernobyl ya shafe su, mutum ya tashi da yaƙinin kwanansa ya riga ya ƙare, ciwon kai tururi ne, ciwon baya tururi ne, to me ya rage banda giya da taba da zaman jiran ajali, ga Sobiyet ta ruguje a 1991 talauci ya zo ya ɗora nasa.

Tsoron bai tsaya a can ba. A Girka, inda abin da ya sauka bai kai ya taɓa ɗan tayi ba, masu bincike sun ƙiyasta an zubar da ciki kusan 2,500 a watan Mayun 1986 kaɗai, cikin da ake so ake murna da shi fa, don tsoron haihuwar nakasasshe. Wannan tsoron na gado ya fi kowanne kama zuciya kuma shine mafi ƙarancin hujja. Cikin da ke jiki lokacin da uwa ta sha tururi mai yawa kam ya cutu, an gani a Hiroshima. Amma 'ya'yan da aka samu cikinsu bayan bam ɗin, dubun-dubatarsu aka bi, ba'a ga ƙarin nakasar gado ba. A 2021 ma an fitar da binciken da ya karance ƙwayoyin halittar yara 130 da iyayensu suka yi aikin sharar Chernobyl ko aka kwaso su daga yankin, ba'a ga ƙarin sauyi ba. Hotunan da ke yawo a Facebook na yara masu ƙaton kai wai 'ya'yan Chernobyl, haba jama'a, irin waɗannan larurorin akwai su a asibitocin Kano da Maraɗi, a kowace ƙasa ana haihuwarsu, hoto kaɗai ba ya gaya maka sanadi.

Fukushima ce ta nuna abin ƙuru-ƙuru. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai maki 9 ta auku, tukwanen suka kashe kansu kamar yadda aka tsara, amma ita tukunyar nukiliya ko an kashe ta sai an ci gaba da zagaya mata ruwa don zafinta ba ya mutuwa nan da nan. Kusan minti 50 bayan haka igiyar teku mai tsayin wajen mita 14 ta haye tashar ta cika ɗakunan ƙasa inda aka ajiye janareto, wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, tukwane uku suka narke. Girgizar da ruwan sun ci mutum sama da dubu 18 har da waɗanda ba'a ga gawarsu ba, amma ka tambayi mutane me ya kashe jama'a a Japan a 2011 da yawa nukiliya za su ce maka. Tururin bai kashe kowa nan take ba. A 2018 gwamnati ta amince da biyan diyyar ma'aikaci ɗaya da sankarar huhu ta kashe, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a rahoton da ya fitar a 2021 ya ce bai ga wata cuta a jikin mazauna yankin da za'a jingina kai tsaye ga tururin ba. Maganar madara ma Japan ba ta maimaita ba, cikin kwanaki aka hana fitar da ita da ganyaye daga yankin.

To amma an mutu fa, sama da mutum 2,300 a jihar Fukushima kaɗai da hukuma da kanta ta rubuta cewa wahalar gudun hijira ce ta kashe su, sun ma zarce waɗanda ruwan ya ci a jihar, kuma galibi tsofaffi ne. Akwai asibitin Futaba, bai kai kilomita 5 daga tashar ba. Ranar 14 ga Maris aka ɗora tsofaffin marasa lafiya, wasu dama a kwance suke ko juyawa ba sa iyawa, a kan kujerun bas ba likita ba nas, aka zagaya da su hanyar sama da kilomita 200 saboda an rufe ta kusa, awa goma da ɗoriya cikin sanyi, aka sauke su a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare. Wasu sun zamo daga kujera sun faɗi a hanya, wasu a zaune aka tarar sun cika. Sama da 40 suka rasu a wannan kwashe-kwashen. Ban ce kada a kwashe kowa ba, a ranakun farko ba wanda ya san inda abin zai tsaya, amma ka gudu da tsoho ɗan shekara tamanin daga sankarar da ko za ta zo sai bayan shekara ashirin, ka kashe shi cikin kwana biyu, wannan wane irin ceto ne. Allah Ya kyauta.

Sai kuma ƙyama. Wani yaro da iyayensa suka baro Fukushima suka koma birnin Yokohama 'yan ajinsu suka riƙa haɗa sunansa da ƙwayar cuta suna tatsar kuɗi a hannunsa wai ai an biya su diyya. Wani mai shanun madara a garin Soma na jihar Fukushima ya yi ta tatsa yana zubarwa, ƙarshe ya rabu da shanun, a watan Yunin 2011 ya kashe kansa, ya bar rubutu a bangon rumfarsa cewa ina ma babu tashar nukiliyar nan. Shinkafar jihar daga 2012 buhu ɗai-ɗai aka riƙa aunawa, kusan miliyan 10 a shekara, daga amfanin gonar 2015 ba'a sake samun wanda ya haura ƙa'ida ba, amma manomi ya daɗe yana sayarwa ƙasa da na maƙwabcinsa.

To me ya sa Japanawa, masu ilimi da bin doka, suka ƙi yarda da aka ce musu lafiya lau? Kamfanin TEPCO mai tashar an taɓa kama shi a 2002 da ƙarya a takardun binciken lafiyar tukwanensa. A 2008 lissafin cikin gida ya nuna masa igiya mai mita 15.7 za ta iya zuwa, aka ajiye takardar a gefe. Bayan haɗarin sai da aka yi wata biyu kafin ya amsa cewa tukwanen sun narke, a 2016 kuma ya yarda shugabansa ne ya ce kada a furta maganar narkewar. Gwamnati na da na'urar hasashen inda iska za ta kai tururin, ba ta fitar wa jama'a sakamakon ba, mutanen garin Namie suka gudu arewa maso yamma zuwa yankin Tsushima suna ganin sun tsira ashe daidai inda hayaƙin ya nufa kenan. Kwamitin da majalisar dokokin Japan ta kafa ya ce a 2012 wannan bala'i ne da mutum ya jawo da hannunsa. Wanda ya yi maka haka, gobe ya dawo da takarda yana cewa ruwan da zan zuba a teku ba shi da matsala, ko gaskiya yake faɗa, kuma a ganina gaskiyar yake faɗa don hukumar nukiliya ta duniya da ɗakunan gwajin wasu ƙasashe sun auna, babban abin da ya rage a ruwan shine wani sinadari mai tururi da ake kira tiritiyam wanda tashoshin China da Koriya da Faransa ke zubarwa a teku shekara da shekaru wasu ma fiye da hakan, to duk da haka ba lallai ka yarda ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Mu nan mun san wannan ciwon. Gwajin maganin Pfizer a Kano lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi aka ƙi rigakafin shan inna a 2003, yaran da suka shanye sanadin haka ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma rigakafin lafiyarsa ƙalau.

Ban kuma yarda da masu cewa tunda gawa kaɗan ce to ba komai ba. Siziyom-137, wani sinadari mai tururi da shi ma ya tashi daga Chernobyl, sai shekara 30 yake raguwa da rabi, masu kiwon tumaki a tsaunukan Wales na Birtaniya sai 2012 aka cire musu takunkumin auna dabba kafin a sayar, shekara 26 kenan kan abin da ya faru a Yukren. Garin Futaba da ke gefen tashar Fukushima sai 2022 aka bar mutane su koma da zama, cikin kusan dubu 7 da ke can a da ko biyar cikin ɗari ba su dawo ba. Raba mutum da gonarsa da maƙabartar iyayensa cuta ce ko na'ura ba ta ga komai a jininsa ba, shi ya sa tsofaffi da dama, yawanci mata, suka saci hanya suka koma ƙauyukansu cikin yankin Chernobyl da aka haramta suka ci gaba da noman dankalinsu har hukuma ta gaji ta ƙyale su.

Abin da na ga ya rage tsoro ba lacca ba ce. A garin Iwaki na jihar Fukushima wasu uwaye suka buɗe ɗakin gwaji nasu na kansu a 2011, ka kawo shinkafarka ko ƙasar filin wasan yara ko ƙurar da ka share a ɗaki a auna maka. 'Yan wata sakandare a Fukushima a 2014 suka rataya ƙananan na'urori na sati biyu, takwarorinsu a wasu jihohin Japan da Faransa da Folan da Belarus su ma suka rataya, da aka haɗa sakamako sai ga shi abin da ɗan Fukushima ke sha bai fita daga layin na sauran ba. Wannan ya fi jawabin minista ɗari don hannunsu ne ya auna, in kuma an samu abin da ya yi yawa, kamar naman kazar jeji da naman aladen daji, sai a san shi a guje shi, ba a guji komai da kowa ba.

Wani kaso na yuraniyom ɗin da ya daɗe yana haska Faransa daga Arlit da Akokan ya fito, a arewacin Nijar, tun 1971 ake haƙa. Can babu tukunyar da ta fashe, babu masu kamara, don haka duniya ba ta tsorata ba. Amma mahaƙar COMINAK da aka rufe a Maris ɗin 2021 ta bar tulin sharar ma'adini kusan tan miliyan 20 a gefen gari, ga iskar hamada. Ƙungiyar Aghirin'man ta 'yan garin da ɗakin gwajin CRIIRAD na Faransa sun daɗe suna nuna ƙarafunan da suka fito daga ma'aikatar suna yawo a kasuwa ana saye ana amfani da su a gida, a 2009 Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta ce ya ninka na al'ada kusan sau 500, kamfanin kuma ya riƙa cewa yana bin ƙa'ida yana aikin rufe tulin. Shaƙar ƙura da shan ruwa na shekara da shekaru, ai ita ce cutar a-hankali-a-hankali da ake ta fargaba a Turai, amma ɗan bokonmu ya fi sanin sunan Pripyat. Haka gubar dalma a Zamfara a 2010, ita ma ba wari ba launi, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ci karo da abin sannan aka farga.

Najeriya na da 'yar ƙaramar tukunyar bincike a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, ana kuma ta maganar gina babbar tasha da Rasha, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, Gana na nata shirin, Masar ta riga ta fara gini a El Dabaa. Ni ba na cikin masu cewa sam, wanda ke kwana cikin zafi da ƙarar janareton maƙwabci ba zai raina lantarki ba. Amma tambayoyina ba na injiniya ba ne. Ranar da wani abu ya faru cikin tsakar dare wa zai faɗa, cikin awa nawa, da wane harshe. Bafulatanin da ke kiwo kilomita ashirin daga wurin wa zai gaya masa ya daina sayar da nono na wata biyu, kuma wa zai biya shi asarar, don wallahi in ba'a biya ba sai ya shiga kasuwa kuma ba laifinsa ba ne. Ƙwayar aidin tana gidajen mutane ko tana kulle a sito a Abuja. Marasa lafiyar da ba za su jure tafiya ba a ina za'a bar su, da wa. Hukumar da ke sa ido kada ta zauna ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata tashar, abin da Japan ta yi kenan sai 2012 ta raba su. Na'urar awo kuma tun kafin a aza tubalin farko a ba makarantun sakandaren yankin da ƙungiyoyin manoma da makiyaya tasu, su auna ƙasarsu da rijiyarsu su rubuta a littafinsu da ba hukuma ke riƙe da shi ba. Mutanen Arlit da Akokan kam ba sai an jira wata tasha ba, tulin yana nan yanzu haka, su ya kamata a fara miƙa wa.